Yaron Gidan Arzika

Ranar sunan jikana na baya-bayan nan, ina zaune a zaure ana rabon goro, na ji ɗaya daga cikinku tana ba baƙi labari a tsakar gida, wai da yanzu ni babban likita ne, ba don kakanku Nomau ya tsaya gaban hukuma ya ce ni ba ɗansa ba ne. Ta faɗe shi da murya mai daɗi, har da jan numfashi, baƙi suna ta salati. Ban ce uffan ba, domin ba a gyara wa mace magana a gaban surukanta. Amma tun ranar na ƙudura sai na rubuta wannan labari, ko da ɗan sauran ganin da ya rage mini zai ƙare a kansa. Mutumin da kuke ɓata wa suna yana kwance cikin yashin ƙasarmu ta Kurfai, ba shi da bakin kare kansa. Wanda ya kamata ku zaga kuwa a kan katifa ya mutu, da lasifika aka yi masa addu'a.

Ni ne ɗan farin Nomau. Ku ƴaƴan Yamai ne, dole sai an yi muku bayani kamar baƙi. A ƙasarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, uwa ma haka. Ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa yabonsa, in aka tambaye su labarinsa sai su kau da kai su kama wani zance. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wanda ya fi kiyaye ta shi ake kira ɗan asali. Ana yaye ni aka miƙa ni gidan wan babana, Baba Arzika, wanda dangar kara ɗaya ce ta raba gidansa da namu. In Baba, wato Nomau mahaifina, yana son a kira ni, sai ya ce a kira masa yaron gidan Arzika. Inna kuwa “wancan” take ce mini, ko da ina zaune a gabanta ina shan furar da ta zuba wa nono fiye da ta kowa. Mutum ɗaya ce ke kiran sunana da ƙarfi har maƙwabta su ji, ita ce kakata Dije, uwar su Baba, in kuma ta so tsokana sai ta ce angonta mai ƙafa kamar ta zalɓe. Kada ku yi dariya. Ni da duk bokon da na yi, sau nawa kuka ji na kira babbar yayarku da sunanta?

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko. Baba Arzika ne ya riƙe hannuna ya kai ni. Mushe, wato malamin makarantar, ya tambayi sunana, Baba Arzika ya ce Idirisa. Ya tambayi sunan ubana, ya ce Nomau, ya kuwa faɗi gaskiya. Amma a takardar gida, wadda maigari ke lissafin mutanensa da ita, ina cikin iyalin Arzika, tunda a can nake ci nake kwana. Takarda biyu ke nan, kowace da uban da ta ba ni. Shekara goma sha uku ba wanda ya damu da wannan, ni kaina ban ma san da shi ba.

Abin ya taso ne ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Yamai. Akwai wata jami'a a wata ƙasa ta bakin teku, inda ake koyon likitanci, wadda ke zaɓen ɗalibai daga ƙasashe da dama. Daga ƙasarmu, waɗanda take ɗauka a shekara ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Duk wanda ke ajinmu na kimiyya ya san sunanta, kuma duk wanda ya ce ba ya mafarkinta ƙarya yake. Bayan cin abincin rana sai mu zauna a inuwar dogon yaro muna auna juna kamar dillalan awaki. Wane yana da lissafi amma Faransancinsa gurgu ne. Wane kansa ba laifi, ga shi kawunsa na cikin gwamnati. Wane shekarunsa sun haura. In aka zo kaina sai wani ya ce ai Bakurfen nan ya riga ya shiga jirgi, mu dai mu nemi sauran kujerun. Ina nuna kamar ban ji daɗi ba, alhali zuciyata fari ƙal. Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayin marasa lafiya kaɗai ya sa nake son zuwa ba. Akwai shi, domin na ga yadda ƙyanda ke kwashe yara a ƙauyenmu babu mai allura ko ɗaya. Amma ina kuma son shiga jirgin sama, ina son farar riga, ina son a ce ɗan wane ne a kasuwar Filinge.

Malaminmu na kimiyya, wani dattijo baƙo mai yawan tari, shi kaɗai ne ba ya zuga ni. Da sakamakon jarrabawar zaɓe ya fito, sunana yana can sama, na je masa ina washe baki. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in don kai ne, na shiga tun jiya, amma kai ba shi ke tafiya ba, dosiye ke tafiya. Dosiye shi ne tarin takardun da ake haɗawa a aika: shaidar haihuwa, shaidar gida, shaidar likita, da sauransu. Ya ce in duba nawa da kyau. Na ce masa ba abin da ya rage. Da aka kai takardun nawa sama, wani mai ido ya ga uba biyu, sai aka aika Filinge a bincika wane ne ya haife ni.

A lokacin fari ya riga ya ci ƙasar. Damina biyu a jere gero bai yi kai ba, rijiyoyi sun ja baya, shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Baba Arzika ya kora ƴan shanun da suka rage ya yi kudu da su, wata bakwai ba labarinsa. Mutane sun koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Lokaci-lokaci mota takan kawo jar dawa ta taimako, a tara gari a raba. A irin wannan mota ce mai binciken ya zo ƙauyenmu.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ba don kunya ba, don yana da jikoki da ba su yi mini komai ba. Mu ce da shi Ɗan Biro, tunda a biro, wato ofis, ya yi rayuwarsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba Bature ba ne, ba baƙo ba ne daga wata ƙasa. Haifaffen Filinge ne, uwarsa tana sayar da kanwa a kasuwa, kuma shi ne ɗanta na fari. Duk mai sayen kanwa ya san ba ta kiran sunansa, “mai takarda” take ce masa. Da nonon wannan al'ada aka shayar da shi.

Ban kasance a wurin ba, amma mutum goma sun ba ni labarin, bakinsu ɗaya. An taru a gindin gawo ana auna dawa, maza da mata, har da ƴan'uwan Inna, surukan Baba. Ɗan Biro ya hau bayan mota da takarda a hannu, ya kira Nomau. Baba ya fito ya durƙusa.

“Idirisa wanda ka karatu Yamai, ɗanka na?”

Baba ya sunkuyar da kai, ya shiga tona yashi da yatsa.

“Yaron gidan Arzika na,” ya ce.

Mutane suka yi murmushi, tsofaffi suka gyaɗa kai, domin haka mai mutunci ke amsawa, kuma ba wanda bai gane cewa i ya ce ba. Ɗan Biro ya sake tambaya, ya ce tambayarsa i ko a'a ce. Baba ya ce ransa ya daɗe, ya tambayi mutane. Maigari ya miƙe ya ce ɗansa ne na cikinsa, ɗan fari ne, kunya ce ta hana shi faɗi. Kaka Dije, da ƙwaryarta a hannu, ta ce masa:

“Kai ɗan nan, ka san amsa. Rubuta ka ba mu wuri mu amshi dawa.”

Ya ce ba wurin maigari aka aiko shi ba, ba kuma wurin tsohuwa ba. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya ninke, ya sa a aljihu. Daga baya na ga rubutun da idona, layi ɗaya da rabi da Faransanci mai tsabta: an tambayi mutumin sau biyu a bainar jama'a, ya ƙi amincewa cewa yaron ɗansa ne. Na sha juya wannan layi a raina shekara da shekaru. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinsa, kuma ban taɓa ganin ƙaryar da ta kai shi girma ba.

Kwana biyu da gama jarrabawar bak, ta fita daga lise, malamin nan mai tari ya kira ni ya miƙa mini dosiyena, an ja masa jan layi. Ya ce har yanzu ƙofa ba ta rufe ba. In ubana ya je biro a Filinge ya faɗa da bakinsa, ya danna yatsa, aka bugo waya Yamai, za a mayar da sunana. Ya ce in yi sauri, don bai san ranar da za a aika sunayen ba. Na hau bayan babbar mota zuwa Filinge. Tun daga Damana har Bonkuku ba abin da kake gani sai ƙasusuwan dabbobi da mutane a gefen hanya da kayansu a ka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba su nake gani ba. Jan layin nan nake gani. Daga Filinge na kama hanyar Sanam a ƙasa, tafiyar yini guda, ina tafe ina shirya maganganun da zan gasa wa Baba.

Ina dab da gari hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan kirki na farko cikin shekara biyu. Na shiga gida jiƙe sharkaf, na tarar mutane suna kuka suna dariya. Baba ya tono wani tulu da ya binne a ƙarƙashin gadonsa, cike da irin gero. Wata da watanni suna cin anza, tulun nan yana ƙarƙashinsu, ba wanda ya yarda a taɓa ko tafi ɗaya. Yana zaune yana gyara ƙotar sungumi, abin da ake saran ramin shuka da shi, Inna tana tsince irin a faifai. Ku da ba ku taɓa noma ba, ku sani yashin Kurfai ba ya riƙe ruwa. In aka yi ruwa yau, gobe da jibi ne shuka, wanda ya wuce nan ya zuba irinsa a toka.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ko gaisuwa ban gama ba na fara. Na ce sun kashe ni da hannunsu. Na ce al'adarsu ta jahilci ta ja mini asarar abin da duk ƙasar nan ke nema. Da Hausa ta ƙare mini sai na koma Faransanci, ina yi wa ubana faɗa da harshen da ba ya ji, a tsakar gidansa, a gaban matarsa. Baba bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da fiƙe ƙota. Inna ta juya wajen Kaka, kamar ba na wurin.

“Inna, ki ce ma wancan shi tuɓe jiƙaƙƙun kaya shi ci abinci tukuna.”

Kaka Dije ta jawo ni gefe. Wannan karon ba tsokana a muryarta. Ta ce ƙasa ta jiƙa, kwana biyu gare ta, in bari a yi shuka sannan a tafi. Na ce sunaye ba sa jiran shuka. Ta ce ciki ma ba ya jiran sunaye. Sai na ce mata gonar da shekara biyu ba ta ba su ko zangarniya ba, ita za a fifita a kaina? Ta dube ni ta daɗe, ta saki hannuna.

Da asuba na fito na tarar da Baba tsaye a ƙofar gida, ya sa rigarsa ta Juma'a, wadda ta yi masa yawa saboda rama. Ya miƙa wa Inna sungumi, abin da ban taɓa ganin namiji ya yi ba a garinmu. Bai dube ni ba. Ya ce da iska:

“A ce ma yaron gidan Arzika rana na yi.”

Muka kama hanya, yana gaba ina baya, duk gonakin da muka ratsa cike da mutane suna sara suna zuba iri. Wasu suka ɗago suka tambaye shi lafiya, ina za shi ranar shuka. Ya ce akwai ɗan uzuri a Filinge. Mun isa ranar Laraba da la'asar. Ɗan Biro yana nan, na gan shi ta taga, amma ya aiko masinja ya ce an tashi, mu dawo gobe. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu mai sayar da igiya. Ranar Alhamis tun hantsi muna gindin bishiyar ƙofar biro. Ya shiga, ya fita, ya tafi cin abinci, ya dawo, ya wuce ta gabanmu har sau huɗu. Na tare shi na yi masa bayani da Faransancin da ya fi nasa kyau, wataƙila ma wannan ne ya ƙara ɓata lamarin. Ya ce kowa da layinsa.

Abin da ba na mantawa a wannan yini shi ne yatsan Baba. Yana zaune a ƙasa, bayan kowane ɗan lokaci sai ya tura babban yatsansa cikin yashi, ya ciro ya duba. Da safe gaɓa ɗaya ya tura ya sami danshi. Da azahar sai da yatsan ya nutse duka. Da la'asar ya tona da hannu, ya duba, ya mayar da yashin ya shafe wurin. Bai ƙara tonawa ba.

Sai ranar Juma'a da safe aka kira mu. Barandar biro cike take da mutane, yawancinsu mata daga wajejen Sanam masu jiran takardar dawa, ƙofa kuma a buɗe. Ɗan Biro bai ba Baba wurin zama ba. Ya gyara takarda, ya buɗe alƙalami, ya ce to, tsoho ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya ce ya zo ne kan maganar yaron nan. Ɗan Biro ya ce wane yaro, yara sun yi yawa a duniya. Baba ya nuna ni da haɓa. Ya ce takarda ba ta jin nuni, suna take ji. Baba ya sunkuyar da kai. Ya faɗi wani abu can ƙasa-ƙasa.

“Ban jiya ba, tsoho. Ɗaga murya.”

Wata tsohuwa daga cikin matan ta ja mayafinta ta rufe fuska, don ta san abin da ake sa mutumin nan ya yi. Baba ya ɗago kai, ya dubi bango, ya ce da muryar da yake kiran shanu da ita:

“Idirisa ɗana na. Ni na haihe shi. Shi aɗ ɗan hwarina.”

Shekara ashirin ina son in ji sunana a bakin wannan mutum. Tun ina yaro nakan laɓe a bayan danga ko zan ji ya yi kuskure ya faɗa. Ga shi na ji, a gaban baƙi, an tatso shi daga bakinsa kamar ana cire ƙaya, kuma ni ne na jawo shi nan. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ɗan Biro ya rubuta, ya kama yatsan Baba ya danna a tawada, ya danna a takarda, ya buga hatimi. Sannan ya ɗaga wani dutse da yake danne takardu da shi, ya zaro wata ƴar takardar waya ya nuna mini. Ya ce mini da Faransanci, yana murmushi, takarda ta yi kyau, in adana ta, amma Yamai sun ce a ba su amsa kafin azahar ɗin Alhamis, yau kuwa Juma'a. Na duba ranar da wayar ta iso. Talata ce. Tana ƙarƙashin dutsen nan muka iso, tana nan muka yini a gindin bishiya yana wuce mu.

Ban san yadda na fito ba. A waje Baba yana goge tawada a gefen rigarsa, ya tambayi bishiyar da ke gabansa:

“An yi?”

Na dubi mutumin da ya bar gonarsa ranar shuka, ya tuɓe kunyarsa ta shekara ashirin a gaban matan Sanam. Na ce:

“An yi, Baba.”

Ya ce alhamdu lillahi, ya kama hanyar gida shi kaɗai, da sauri, ko zai tarar da sauran danshi. Ni kuwa na hau mota zuwa Yamai. Malamina ya ɗauki takardar ya bi ofis-ofis yana tari yana roƙo, har kwana shida. Ko'ina amsa ɗaya, sunaye sun tafi, bakin alƙalami ya bushe. Na daɗe ina zaton an sace gurbina ne an ba ɗan wani babba, kuma da haka ne da na fi samun sauƙi, domin ɓarawo ko ba komai yana da dalili. Daga baya malamin ya gaya mini ba a ba kowa ba. Ƙasarmu ta aika mutum ɗaya ƙasa da abin da aka ba ta, kujerar ta tafi a wofi. A shekarar da yara ke mutuwa kamar ƙudaje, an yar da likita guda a ƙasa, ba don kuɗi ba, ba don gaba ba, sai don wani ya nuna wa na sama da shi cewa shi ba ɗan ƙauye ba ne, ba ya jin yaren kunya. An ce da ɗan gari akan ci gari. Mu ɗan garin ne ya cinye mu, ba ma wanda ya aike shi.

Na shiga makarantar horon malamai, wadda ba ta tambayi ko wa ya haife ni ba. Da na koma gida hutu, dole in faɗi dalilin da ya sa ban shiga jirgi ba. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta faɗuwa: cewa abin da Baba ya yi a banza ya yi shi. Sai na ce an ɗauke ni, ni ne na fasa, na ga bakin teku ya yi nisa. A lokacin na ga abin da tafiyar ta ci. Inna da Kaka sun shuka kashi ɗaya cikin uku na gonar kafin ƙarfinsu ya ƙare, kuma wannan kashin ne kaɗai ya tsira. Sauran Baba ya zuba shi a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa na biyu, ruwan ya makara, irin da suka yi wata da watanni suna yunwa a kansa ya ƙone a rami. Suka koma kan anza. Kaka Dije ba ta kai girbi ba. Ban ce tafiyarmu ce ta kashe ta ba, tsohuwa ce kuma ajali ya yi. Amma shekara hamsin ke nan ban iya cewa ba ita ba ce.

Baba bai yi mini faɗa ba, ba halinsa ba ne. Sau ɗaya dai, ina jin sa ta bayan danga, ya ce wa Inna wasu mutane sun sa an bar shuka, ƙasa ta bushe, sannan sun ce nisa ya yi musu yawa. Da wannan zato ya zauna da ni har ya koma ga Allah, yana ganin ɗansa na fari rago ne mai wasa da wahalar mutane. Na bar shi a haka da gangan. Na gwammace ya ɗauke ni rago da ya san an sa shi tsirara a banza. Ko na yi daidai ko ban yi ba, Allah ya sani, ni dai na ɗauki kayana. Bai kuma sake kiran sunana ba, na koma yaron gidan Arzika har ranar da na sa shi a kabari. Labarin da kuka ji kuwa, wai ya musanta ni, daga biro ya fito, daga bakin waɗanda suka karanta layi ɗaya da rabin nan ba su ga Juma'ar ba.

Saura abu ɗaya. Bayan na yi ritaya na je ɗaurin aure a Filinge. Ana cikin gaisawa sai aka kawo ni gaban wani tsoho mai farin gemu da carbi, an shimfiɗa masa darduma a inuwa, kowa na ce masa Alhaji. Da aka faɗa masa ko ni wane ne, fuskarsa ta washe, ya miƙo hannu biyu.

“Ɗan Nomau. Allah shi jiƙan babanka, irinsu sun ƙare. Ka san ran da nit tambaye shi gaban jama'a, ko sunanka bai iya hwaɗi ba? Nan take nic ce a raina, wanga ɗan asali na.”

Yana faɗa yana dariya, yana neman mutanen gefe su taya shi yabon. Ashe bai ma manta ba. Ya sani a gindin gawo, ya sani a biro, kuma ya ajiye abin a ransa a matsayin labari mai daɗi na mutanen da. Duk maganganun da na shirya masa cikin shekaru arba'in suka taso mini. Ga jama'a, ga farin gemu, ga ɗaurin auren mutane. Kun san abin da na yi? Na ba shi hannu, na ce amin. An ce kunyar mara kunya asara ce, kuma gidanmu sau biyu muka yi wannan asara a hannun mutum ɗaya. Ta farko ba laifin Baba ba ce. Ta biyu tawa ce, kuma ita ce ke hana ni sukuni har yau.

Takardar da Baba ya danna wa yatsa tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a cikin jakar fata. Ba ta kai ni jami'a ba, ko tashar mota ba ta kai ni ba. In na mutu kada ku jefar da ita cikin tarkace. Duk wanda ya sake jin bakinsa na ƙaiƙayin cewa Nomau ya musanta ɗansa, ya buɗe akwatin ya karanta. In ba ya jin Faransanci, ya shafa wurin da aka danna yatsa. Zai ji ƙurji-ƙurji a cikin tawadar. Yashin gindin bishiya ne, wanda ya manne a yatsan kakanku yana auna yadda gonarsa ke bushewa, yana zaune yana jira a kira shi ya faɗi sunana.